Yatsan da Ke Gefen Sunana

Litinin, 9 ga wata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, musamman mutuniyata mai giɓi. Yaya ƙafar taki, ta bar kumburin? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta.

Na ga kiranki har sau biyar jiya. Kada ki ce share ki nake yi, wayar ce ta fara tsufa. Shi ya sa na ce bari in rubuto, direban da ke bi ta wajenku ya miƙa miki.

Maganar takardar shaidar rasuwar Inna ce. Na fahimci saƙonki sarai. Kamfanin saƙar naku sun ɗauki sati biyun da kika ƙara a wurin makoki a matsayin fashin aiki, kuma in ƙarshen wata ya yi ba ki kai musu takardar ba, za su sallame ki. Shekara sha shida kina tsaye gaban injinsu, yau kuma sai kin kawo hujjar cewa uwarki ta mutu! Allah ya kyauta. Ki kwantar da hankalinki, ina kai.

Yau na je ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Yaya, ki zo ki ga wuri. Taga ɗaya ce, benci ɗaya, masu goyon jarirai da masu jajayen idanu duk a jere, in wannan ya matsa wancan ya matsa. Wadda ke bayan tagar wata dattijuwa ce mai tabarau, ƙafar tabarau ɗin ɗaya da zare ta ɗaure ta. Ba ta dariya, ba ta kuma faɗa. Ta miƙo min fom na cike: cikakken sunan Inna, ranar rasuwa, asibitin, da wanda ya kai ta. A nan na rubuta ni ne, kamar yadda na gaya miki tun ranar da kika iso.

Ta tambayi 'yar takardar da asibiti ke bai wa dangin mamaci. Na ce ta ɓata a cikin hidimar mutane. Ta tashi ta jawo akwatin katuna na harafin sunan Inna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana lasar yatsa. Ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko. Babu. Sai ta tambaye ni wane suna na bayar a asibiti ranar. Na ce wannan ɗin dai. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ɗan jima, sannan ta ce in dawo wani satin.

Kin san aikin ofis, kati yakan faɗa bayan akwati. Za a gan shi, in sha Allahu. Ki gaishe da maigidan, ki ja min kunnen mai giɓi.

Ƙaninki,
Auta

Juma'a, 20 ga wata

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ya jikin naki? Direba ya kawo min amsarki, na karanta, faɗan ma na karɓa. Kin ce tun ina yaro in aka aike ni sayen gishiri sai an bi sawuna. Ba ki yi ƙarya ba.

An ga sunan Inna, amma da saura.

Sau uku na koma. A na ukun Mai Tabarau ta ce katuna sun gaji da ita, ta shiga ciki ta rungumo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, wanda asibiti ke aiko musu duk wata. Ta buɗe shafin ranar, ta ce in saurara, za ta karanto min duk wanda ya rasu. Mutum shida ne. Ta karanta huɗu ina girgiza kai. Da ta zo na biyar sai ta gyara tabarau ta ce, Inna Mai Keke.

Yaya, dariya ce ta fara ƙwace min, sai kuma hawaye. Sunan da duk layinmu ke kiranta da shi ke nan saboda keken ɗinkinta, shi aka rubuta wa hukuma. Mu muna can muna tonon harafin sunanta na gaskiya, ita tana nan kwance a ƙarƙashin Inna.

Mai Tabarau ta ce ba za ta fitar da takarda da wannan sunan ba, kuma ko ta fitar kamfaninku ba za su karɓa ba, tunda ba shi ne sunan mahaifiya a fayil ɗinki ba. Sai an yi gyara. Gyaran kuma ba kowa ke yin sa ba, sai wanda ya ba da rahoton tun farko ya zo da kansa ya tabbatar. Ta bi layin da yatsa zuwa gefe ta karanto. Sunan mai rahoto: Auta. Dangantaka: ɗanta.

Ta ce to madalla, ai ga ni. Sai ta juyo da littafin wajena. Wurin sa hannu ba sa hannu ba ne, dangwalen babban yatsa ne, da wani farin layi da ya ratsa tsakiyarsa, alamar tsohon yanka. Ta dubi fom ɗin da na cike da rubutun nan nawa da kike yi wa tsiya wai na akawu. Ta dubi hannuna. Sannan ta turo min tawadar dangwale, ta ce in sa nawa a gefe.

Na ce mata bari in zagaya, na fice. Wallahi ban tsaya ɗaukar birona ba.

Ki ƙara min kwana kaɗan. Takardarki za ta iso kafin wata ya ƙare, wannan na yi miki alkawari. Sauran bayanin kuma sai na samu bakin yin sa.

Ƙaninki,
Auta

Laraba, 25 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Allah ya sa wasiƙar nan ta same ku lafiya. Takardar tana cikin ƙaramar ambulan, da hatimi da komai, sunan Inna cikakke. Ki kai musu gobe da safe. Amma kafin nan ki nemi wuri ki zauna, ki karanta wannan ke kaɗai.

Ba ni na kai Inna asibiti ba. Ban ga fitar ranta ba. Duk abin da na ba ki labari ranar da kika iso, cewa kanta na kan cinyata, cewa ta ce a gaishe ki, ƙarya na shirya. Na ga yadda kike kuka kina cewa gara ni ina kusa, sai bakina ya riga ni, daga nan kuma na kasa janyewa.

Ranar ina shagon aski. Wayata ta yi ƙara, na ga lambar Inna. Sati uku tana bina in sayo mata bel ɗin kekenta da ya tsinke, kullum ina cewa gobe. Na ce a raina maganar bel ce, na kife wayar a cinya. Sau huɗu tana ƙara. Har wanzamin ya ce in ɗauka mana, na ce masa tsohuwa ce da rigimarta, muka yi dariya. Sai bayan la'asar maƙwabciyarta ta same ni da labari. Da na isa asibiti an riga an rufe mata fuska.

Wanda ke kiran nawa da wayarta mai gyaran takalman nan ne da ke zama a ƙofar gidanta. Kin tuna shi? Wanda na yi ta matsa wa Inna ta tashe shi, wai warin gam da tsofaffin takalma suna zubar mana da mutunci in na zo da baƙi. Shekara tara yana wurin, ban taɓa yi masa sannu da aiki ba. Shi ya ji faɗuwarta, shi ya tare mota, shi ya ɗauke ta a hannu har gadon asibiti.

Jiya na je wurinsa. Na fi minti goma a tsallaken titi ina kallonsa yana ɗinke wani silifa. Shi ya hango ni, ya miƙe, ya share min bencinsa da gefen riga, ya yi min gaisuwar rashi kamar ni ne babba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon ƙasa. Ya buɗe akwatin aikinsa, ƙarƙashin gwangwanin ƙusoshi ya zaro 'yar takardar asibitin da na ce ta ɓata, a naɗe cikin leda. Ya ce ya so ya ba ni ranar jana'iza, ya ga ban dubi inda yake ba, sai ya ce bari ya adana har in nema.

A hanyarmu ta zuwa ofis na tambaye shi yadda sunana ya shiga littafin. Ya ce tun a mota idon Inna ya daina gane mutane. Ta riƙe masa hannu tana cewa, Auta ne? Ya yi shiru sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya ga hankalinta na tashi sai ya ce, na'am Inna, ni ne. Har a gadon asibiti Auta take kiransa, ma'aikaciyar asibitin tana jin su, da ta zo cike littafi ba ta ma tambaye shi ba, ta rubuta abin da ta ji. Sunan Inna kawai ta tambaya, shi kuma wanda ya sani ya faɗa.

Mai Tabarau ba ta nuna ta taɓa ganin guduna ba. Ta miƙo min birona da na bari, ta tura masa tawada. Ya dangwala, farin layin nan ya fito daidai, yankan wuƙar aikinsa ne tun yana saurayi. Ni kuma na rubuta cikakken sunan Inna, abin da kaɗai na iya kawowa ke nan. Sai ta tambaya ko a gyara sunan mai rahoto shi ma, tunda an zo gyara. Na buɗe baki zan ce a gyara, ya riga ni. Ya ce a bar shi. Ya ce baiwar Allah ta tafi da sanin autanta na kusa da ita, ba shi zai bi ta da gyara ba. Mai Tabarau ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta buga hatimi.

Don haka za ki ga sunana a takardar, Yaya. Da na yi shiru, da ita ma ta tsaya min shaida har abada. Kowane layi a cikinta gaskiya ne, ban da wannan.

Da muka fito na tambaye shi ko ta bar wata magana. Ya ce ɗaya ce. Ta ce, Auta, ka kawo bel ɗin? Ya ce mata ya kawo, yana gida. Ta ce, Allah ya yi maka albarka. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ya dafa kafaɗata da hannun nan mai tawada, ya ce albarkar tawa ce, da sunana aka sa ta, shi riƙe min kawai ya yi, yau ya sauke nauyi. Yaya, a bakin titi na tsuguna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kunya nake ji, irin wadda ban san inda zan kai ta ba. Tabon tawadar yana nan a rigata, na kasa ba da ita wanki.

Ban ce ki yafe min yau ba. Ki fara kai takardar, aikinki ya tsira, sannan ki yi min duk abin da kika ga dama. Wayata lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa lalacewa ba. In kin kira zan ɗauka.

Ki gaishe da mai giɓi. Na zo sa sunan da na saba sawa a ƙasa, hannuna ya ƙi.

Ƙaninki