Kullum Baba Cewa Yake Lafiya Lau

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Mahaifina ne kwance a asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye, ni ce mai jinya. Yayyena maza kowa da aikinsa, sai dai su leƙo da yamma da ledar ayaba. Ni ke ba shi abinci, ni ke goge masa fuska da hannuwa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya yarda in ɗaga zane, ni ma ba zan iya ba. Ubana ne fa.

Nas ɗin ɗakinmu sa'ata ce, baiwar Allah, Baba take kiransa, shi kuma ya ce mata 'yata. To ita ma in ta zo juya shi sai ya damƙe zanen da hannunsa mai lafiya. Sai ta tsaya bakin gado ta tambaye shi yaya bayan nasa, ya ce lafiya lau, ta wuce gado na gaba, don ita kaɗai ce ga ɗaki cike da marasa lafiya. Ta dai ce mini in na ga wani wuri ya yi ja in yi magana. Anti, Baba baƙi ne wuluk, wane ja zan gani?

Shekaranjiya aka kawo wani nas namiji ya riƙe mata aiki. Bai tambayi kowa ba ya juya shi. Gyambo ne a ƙasan bayansa, ya kusa tafin hannuna, har ya fara wari. Baba ya rufe ido ya ƙi kallon kowa, ni kuma na fita baranda na sha kuka.

Yanzu babban yayanmu ya ce lallai in kai ƙararta wurin shugabarsu, tunda ni ce shaida. Ita kuwa ko abincinta ta buɗe sai ta ce in sa hannu. Yanzu ko ido ba ma iya haɗawa. In kai ta, ko in yi shiru?

Mai jinyar gadon bakin taga

AMSA

Sannu da ɗawainiya, ƙanwata. Allah ya saka miki.

Nas ɗin ta yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. Bayan majinyaci dubawa ake yi da ido da hannu, tambaya ba ta wadatar. Wanda jikinsa ya shanye sau da yawa ba ya jin wurin, kuma dattijo ko yana ji ba zai faɗa wa sa'ar 'yarsa ba. Baƙar fata ma ba lallai ta yi ja ba. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko a taɓa a ji zafi ko tauri. Amma ki yi mata adalci: aiki ya yi mata yawa, kuma kunyar da ta ɗaure miki hannu ita ta ɗaure nata.

Ki je wurin shugabar yau, ki faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ki roƙi a sa namiji ya riƙa duba shi yana wanke ciwon, a riƙa juya shi kamar duk awa biyu, a tokare shi da filo, a ɗage diddigensa daga katifa, zanen gado kuma ya zauna a bushe, ba a tattare ba. Hukunci ki bar wa shugabar. Nas ɗin kuma ki gaishe ta gobe da safe.

Sai yayyenki. Ki gaya wa babban cewa tunda Baba hannun namiji yake so, 'ya'yansa maza su raba kwana, kowa ya zo ya koyi juya ubansa, ke kuma ki je gida ki kwanta. Wanda ya ce ba shi da lokaci, a ɗaga zanen a nuna masa.

Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ki ladan jinya.