Mayafin Ɗiyar Iyatu

Litinin, 4 ga Safar, 1344

Bismillahi. Wanda Allah ya sa ya tsinci takardun ga cikin gafakata, ya yi mini afuwa da na ɓata mishi lokaci. Ba karatu ba ne, ba wa'azi ba. Guntayen takarda ne da maigidana Malam ya rage, ni kuwa akwai abin da ba ni iya faɗa da baki.

Iyatu, ƙanwar Malam, ta zo daga Dundaye da labari. Siddiƙu, mijin ɗiyarta, ya ɗaura niyyar Makka da ƙafa, shi da matarshi. Da an yi kaka hanya ta bushe za su tashi. Takardar izini kaɗai suke jira daga ofishin Nasara.

Na ce ɗiyarta. Ni na haife ta, ita ce ta farina. Ran da anka yaye ta Iyatu ta goye ta ta tafi da ita riƙo. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaga ido na dube ta gaban mutane ba. Haka uwata ta yi da yayana, ba wanda ya ce mata ba ta son shi.

Na ce Allah ya kai su lafiya, na ci gaba da kaɗina. Zare ya tsinke. Na manta rabon da zare ya tsinke mini.

Alhamis, 7 ga Safar

Hajjo maƙwabciyarmu ta shigo. Ita ma da ƙafa ta je. Tana yarinya ta tafi, da furfura ta dawo, iyayen da sunka tafi da ita suna kwance can bakin hanya. Na tambaye ta mi ya fi wahalar da mace a tafiyar. Ta ce komi, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da ko ƙyalle guda na gida da za ta shinshina.

Sai ta kwance wani ƙunshi. Tsinkayen ƙarfe biyu dogaye, da wani guntun saƙa mai huda-huda kamar ganyen da tsutsa ta ci, amma cikin tsari. A Umdurman wata Bamisira ta koya mata. Ba itacen saƙa, ba komi, tsinkayen kawai.

Ta ce sai da zaren kanti, na hannu ba ya yi, kauri gare shi. Na jawo taskira na miƙa mata mazarina. Ta ja zaren, ta goga a leɓe, ta ɗaga ga haske. "Ke, Allah ya shirye ki. Gizo-gizo kike kiwo a ɗakin ga?"

Na ari tsinkayen.

Asabar, 16 ga Safar

Yatsuna sun fara ji. Ashe hudar ba kuskure ba ce, da gangan ake barin ta, a naɗe zare a tsallake. Hajjo ta ce damina guda ta yi kafin ta kama abin da na kama. Ƙila lallashi ne. Amma na ga nata, na ga nawa.

Malam ya leƙo ya tsaya. "Wanga taru ne? Kamun kifi za ki fara a gulbi?" Na ce mayafi ne. Na kuma tambaye shi hukuncinshi, don abin ya dame ni: tufa mai huda ai ba sutura ba ce. Ya ce in bisa baƙin zane za a ɗora, ba shi ganin laifi. Ya ce na wa ne? Na sunkuyar da kai. Ya yi gyaran murya ya fita. Shi ma ai ta farinshi ce, bai fi ni iya faɗa ba.

Laraba, 27 ga Safar

Na tsinke murjanin uwata. Rabona ne na gado, ba hakkin kowa ciki. Ina so ya zagaye bakin mayafin, ƙananan kuma su watsu a tsakiya.

Sai Hajjo ta dafe ƙirji. Ta manta ba ta faɗa mini ba: duwatsu tun farko ake shirya su a zare, kafin a ɗaura ido na farko, sai a riƙa turo su ɗaya-ɗaya ana saƙawa. Ga shi saƙar ta kai kusan kamu guda. Ta ce in bari in gama, in ɗinka su da allura, ba mai ganewa.

Ni zan gane. Kuma wanda anka ɗinka daga baya, ƙaya guda ta kama shi a daji ya tafi. Wanda ke cikin zaren kuwa ba ya fita sai an yanke zaren.

Na warware duka. Hajjo ta kau da kai, ta ce ita ba ta iya kallo.

Lahadi, 9 ga Rabi'ul Awwal

Na wuce inda na warware. Ya fi na da.

Laraba, 12 ga Rabi'ul Awwal

Maulidi. Gida cike da mata. Na rufe aikin da faifai, amma Zainaba matar liman ta ɗaga. Mata sunka yi caa. Wagga ta taɓa, waccan ta ce a rantse ba kayan Nasara ba ne. Wata ta bi shi da yatsa tun daga sama tana neman ƙulli. Ba ta samu ba. Ba za ta samu ba, a mazari nake gama zarena, ba na ƙulla shi.

Zainaba ta ja ni gefe, ta ce in faɗi abin da nake so. Na ce yana da mai shi. "Wace mai sa'a?" Na tashi ɗebo musu fura.

Na ji daɗi ƙwarai, har na ji tsoro. Astagfirullah daga jiji da kai. Amma kyau dai yana da shi, in na ce ba shi da shi na yi ƙarya.

Litinin, 8 ga Rabi'us Sani

Takardar Nasara ta fito, da wuri fiye da zaton kowa. Ayari zai tashi da tsayuwar wata mai zuwa. Ni kuwa da sauran gefe guda da baki duka.

Iyatu ce ta kawo labarin. Ta same ni da aikin a cinya, ban sami ɓoyewa ba. Ta dubi murjanin, ta dube ni, ta fashe da dariyar nan tata. "Matata, ashe kina da hanji! Ni da na ɗauka dutse yayana ya auro."

Na ce ita za ta kai mata.

"Sai in ce ni na saƙa."

Na ce kada ta yi ƙarya saboda ni.

"To in ce ke."

Na ce kada.

"To in ce mi? Aljanun kuka sunka aje mini a ƙofa?"

Na ce ta ce ga shi, shi ke nan. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mace mai wahalar sha'ani irina ba, ta cinye mini goro ta tafi.

Asabar, 20 ga Rabi'us Sani

Wuyan hannu ya kumbura. Hajjo ta ce ta karɓe ni ko layi kaɗan. Hannunta ya fi nawa saki, za a ga bambanci. Na yi mata godiya.

Laraba, 24 ga Rabi'us Sani

Alhamdu lillahi. Na wanke shi, na shimfiɗa bisa tabarma a inuwa, na ja kusurwoyin na danne. Hudojin sunka buɗe kamar furen auduga, jan murjani na bin bakin. In ka ɗaga, nauyin duwatsun kaɗai kake ji.

Malam ya daɗe tsaye a kai. Bai yi zancen taru ba. Ya ce, "Allah ya sa a mora." Muryarshi ba daidai ba.

Na turara shi, Iyatu ta zo ta ɗauka. Ɗakin ya yi fili.

Alhamis, 3 ga Jimada Ula

Sun zo sallama da hantsi. Siddiƙu ya tsaya zaure wurin Malam, ita da Iyatu sunka shigo. Ta durƙusa bakin ƙofa. "Adda, mun zo sallama." Adda take ce mini, kamar yadda ƙannena ke ce mini, Iyatu ce Innarta. Na amsa ina duban taskira. Ta gefen ido na ga fari bisa baƙi. Ya zauna mata.

Na yi addu'ar da ake yi. Na ɗauka an gama.

Sai ta ce, "Adda, Inna ta ba ni mayafi, ga bakinshi ya kwance, murjani na shirin zubewa. An ce duk Sakkwato ba mai iya gyarawa sai ke."

Jini ya hau mini kai. Aikina, ya kwance? Na ce ta cire ta miƙo. Iyatu ta ce, "A cire ya ƙarasa warwarewa? Gyara shi a jikinta, matata, ayari ba ya jiran kunyarki." Ta kuwa tashi, wai ta jiyo tukunya na ƙauri. Ban ɗora komi a wuta ba.

Yarinyar ta matso ta ba ni baya. Na kama bakin mayafin. Zaren ba tsinkewa ya yi ba. Wanda ya tsinke yana da gashi-gashi a baki, wanga kuwa a shafe yake, aikin wuƙa. Wuri guda, kusa da wuya, inda dole sai an zauna kusa. Ban tambayi wa ya yi ba.

Akwai tawadar Allah bayan kunnenta na hagu. Na san da ita tana jinjira. Tana nan.

Ta ce a hankali, "Na san murjanin ga. Na Kaka ne." Na ce uhm. Ta ce, "Na duba ko'ina, ba ƙulli ko ɗaya." Na ce yanzu akwai guda.

Sai bakina ya buɗe, ban san yadda anka yi ba. Kada ta buga shi a dutse. Kada ta matse. Ta shanya a inuwa, a kwance. In sanyi ya kama ta a hanya ta naɗa shi daga ciki, ba sai an gani ba. Ta riƙa cin abinci ko ba ta so. Tana ta cewa to, to. Bayanta ya jingina da gwiwata, ban janye ba.

Gyaran ba wani mai yawa ba ne. Sai da anka kira azahar na ga ban gama ba.

Lahadi, 6 ga Jimada Ula

Sun tashi jiya. Iyatu ta raka su har bayan ganuwa, ta dawo ido jawur, ta ce hayaƙi ne. Ta ce mata na ta tsayar da ita suna tambayar mayafin, yarinyar kuwa na ce musu, "Daga gidanmu." Ba ta yi ƙarya ba.

Na mai da wa Hajjo tsinkayenta, ta ce in riƙe, sun sami mai su. Ta ce a Yarwa, can bisa hanyar Makka, ba a rasa masu dawowa, ana ba su saƙo. Iyatu dai ta sa yarinyar a allo, ta iya riƙe alƙalami.

Ƙullin nan ke damuna. Da hannu mai ciwo na yi shi, ban kuma ga da kyau ba, idona na ruwa.

Da sauran tawada a alƙalami, kada ta bushe a banza.

Sakinatu.

Ashe sunan ba shi da wuyar rubutawa.

Sakinatu, in kin sami mai zuwa, ki aiko mini da amsa da wuri, ko layi guda ne. In ji ko ƙullin ya riƙe.