Masorona Ya Yi Fure

Innar Uwaisu,

Kin tafi rijiya, ni kuwa ba zan iya jira ba. Masorona ya yi fure! Ina idar da sallar asuba na leƙa ƙarƙashin rumfa, sai ga su har uku, siri-siri kamar wutsiyar ɓera. Shekara shida ke nan da na ɗauko shi daga kurmi a gwangwani, kowa yana cewa ba ya rayuwa a ƙasar Kano. To ga shi, gero ya ƙone a gona, shanun mutane sun faɗi, nawa sai hawa yake! Hannu ne, ban taɓa dasa abu ya ƙi ni ba.

Na tafi Ɗambatta in taho da Kashim mai goro, wanda ya rantse masoron zai bushe kafin kaka. Da idonsa zai gani.

Ki yi haƙuri, karan da yake bi ya karye, na kafa masa muciyarki a kaskon da na dasa shi. Ai dama kwana biyu ba ta ga tuwo ba.

Alwalar azahar da ta la'asar, ki yi su a kan kaskon yadda nake yi, kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Yini ɗaya ba ruwa, furen zai zube. In na tulu bai kai ba, ki ba shi rabona na sha. Ni na ga fari biyu na fita da ƙafata, shi kuwa wannan ne na farkonsa.

Malam Hadi