Gida Ba Akuya Ba Ne

Gure, Litinin

Zuwa ga autata Rahinatu,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Hashimu. Kawunki Idirisa lafiya lau, matarsa na fama da haƙori, ni kuwa gwiwa ce kawai. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya koyi biro da furfura ba ya sauri. A waya kuma sai in manta abin da zan faɗa.

Maganar gidan mahaifinku ce ta hana ni sukuni. Kin san mun shirya in sayar, in komo wurinku Damagaram, shi ya sa na kulle shi na tare gidan kawunki. Bara da Garbai mutumin Kelle ya taya, na ce masa albarka. Ni da na tsufa ina sayar da awaki, ban taɓa sallama wa mai tayin farko ba. Akuya in ba ta yi kuɗi yau ba, gida ake maida ta, a ba ta dusa, kasuwa ta gaba ta fi daraja.

To, gidan bai yi ƙiba ba. Damina ta zubar da katangar gabas, rairayi ya taru a bakin ƙofa. Duk wanda Aisami dillali ya kawo, tambayarsa ɗaya: "Me ya hana a saye shi tun bara?" Sai ya taya ƙasa da na gabansa. Har an fara cewa wai ana jin daka a ciki. Dakan wa?

Ki gaya mini abin yi.

Innarki, Habsu

*

Damagaram, Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi. Hashimu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaya miki gida ba ya cin dusa.

Ga shawararmu. Ki ce wa Aisami an fasa sayarwa. Ki koma ciki, a ɗaga katanga, a kwashe rairayi, ki hura wuta maƙwabta su ga hayaƙi. Gidan da ya daɗe a bakin dillalai sai an manta da shi tukuna yake sake daraja. Wata biyu ko uku, sai a sake fitar da shi.

Sannan, Inna, na je likita. An ce juna biyu ne, sai bayan girbi, in Allah ya yarda. Kada ki gaya wa kowa tukuna.

'Yarki, Rahinatu

*

Gure, Lahadi

Autata,

Kowa lafiya, haƙorin ma an cire. Ban gaya wa kowa ba sai kawunki da matarsa da Kaltumi maƙwabciya. Kina cin abinci kuwa? Kada ki ɗauki tulu.

Na yi yadda kuka ce, wata na uku ke nan. Awakina na ƙarƙashin bishiyar bedin da mahaifinku ya dasa, yanzu kuma dakan da ake ji nawa ne. Jiya Garbai ya ga hayaƙi ya shigo, ya duba katanga, ya taya kusa da tayinsa na bara. Aisami ya ce in na sake cewa albarka, ba zan ƙara ganin irinsa ba. Juma'a Garbai zai komo.

Amma da safe na share ɗakin da na haife ki, na ga murhun da aka dafa mini ruwan wanka yana nan. Haihuwar fari a gidan uwa ake wankanta. In na sayar, ina za ki zo?

Ki aiko amsa ta hannun direba kafin Juma'a. In ban ji ki ba, itacen wanka na riga na fara tarawa.

Innarki, Habsu