Wa Ke Taɓa Min Kwamfuta?

Litinin, 6 ga Mayu

Wani ya taɓa min kwamfuta. Na zauna da la'asar zan buga tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku, na rubuta "yau" sai ga "zau". Na goge na sake, zau dai. Na rubuta "zo" ya fito "yo". Da na zo kan 'ya'ya kuwa sai ga wani abu wai äzaäza, a mai idanu biyu a ka. Ƙ da ɗ da ɓ ko sama ko ƙasa, na danna har yatsa ya yi zafi. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa da na'urar nan, ba ta taɓa yi min gardama ba.

Mu uku ne a gidan. Ni, da maigidana Malam, sai 'yarmu Nas, wadda tun da ta fara aikin jinya kowa ya ajiye sunanta na yanka. Na tambayi Malam, ya ce shi da ko kunna ta bai iya ba. Nas tana asibiti.

Laraba, 8 ga Mayu

Na kai wa mai gyara na bakin kasuwa. Na ce masa bairos ne. Ya danna maɓalli biyu tare, Alt da Shift, komai ya dawo daidai. Har da 'yar dariyarsa.

"Malama, ba bairos ba ne. Kibod ɗin Jamusanci aka ƙara miki. Su z da y a musanye suke a wurinsu. Wanda ya yi aiki da shi ne ya manta bai mayar ba."

Ya nuna min wasu ƙananan haruffa can ƙasa a lungun dama, kusa da agogo. Ban taɓa lura da su ba. Na ce da kansa yake shiga? Ya ce a'a, sai an sa shi. Na daɗe ina kallonsa, don a hannunsa ta kwana wancan watan. Amma me zai yi da Jamusanci, mutumin da rasit ma da ƙyar yake rubutawa?

Ya ce ya cire? Na ce bar shi. In ka toshe rami ba za ka ga ɓeran ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Muna cin abinci na jefa maganar kamar ba komai: wai wa ya iya Jamusanci a gidan nan? Malam ya ƙware da ruwa. Nas ta tashi ɗauko masa wani, ta daɗe a kicin fiye da yadda cika kofi ke buƙata.

To. Ba mutum ɗaya ba ne ke nan.

Asabar, 11 ga Mayu

Kafin in fita jiya na ɗora zare a kan murfin kwamfutar. Na dawo babu zare. Kibod ɗin yana kan Hausa lafiya lau, ɓarawon ya koyi share sawu. Sai dai da na karkata ta wajen taga na ga an ɗiga ɗigo biyu da fensir a kan maɓallin da ke kusa da L, da na kusa da shi, da wani a sama. Ƙanana ƙwarai. Hannun mai haƙuri ne, irin mai neman jijiya a hannun jariri.

Ba Malam ba ne. Shi ko zare a allura sai ya kira ni.

Talata, 14 ga Mayu

Malamar lissafi ta ba da labari a ɗakin malamai, wai 'yar maƙwabciyarta ta haɗu da wani Bature a waya, ya yi ta mata daɗin baki har ta tura masa hotuna, ashe wani ne a bayan layinsu. Kowa na dariya, ni kuwa Nas ce ta faɗo min a rai.

Nas ba ta kula kowa. Masu zuwa zance biyu ta sallama bara, ta ce ba yanzu ba. Yanzu na fara gane "ba yanzu ba" ɗin. Amma in namiji ne, yaya za a yi ubanta ya rufa mata? Malam da ko mai kawo gas bai yarda ya wuce tsakar gida ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Sun yi shiru da na shigo falo. Su biyun.

Juma'a, 17 ga Mayu

An ɗage taron malamai, na dawo kafin azahar. Tun daga ƙofa na ji murya a ɗakina. Na cire takalmi na lallaɓa.

Nas ce a kujerata, abin sauraro a kunne, ta tsuke baki kamar mai shirin fito, tana ta maimaita wani sauti tsakanin u da i. A fuskar kwamfutar wata dattijuwa mai farin gashi da tabarau, gefenta ƙananan tagogi cike da fuskoki, galibi mata, wata ma da kayan aikin asibiti a jikinta. Babu wani saurayi. Ban san dalilin da ya sa hakan bai sanyaya min rai ba.

Ta juyo ta gan ni, ta rufe murfin a hankali.

"Umma."

Na ce wannan fa?

Ta ce ajin Jamusanci ne. Wani asibiti a can yana ɗaukar ma'aikatan jinya, amma sai ka ci jarrabawar harshensu tukuna. Wata biyar ke nan tana yi, duk lokacin da nake makaranta. A waya rubutun ba ya sauri shi ya sa take aron tawa.

Na ce aro da sanin mai abu ake yi.

"Na so in faɗa miki in na ci. In na faɗi, kin ga ban tayar miki da hankali a banza ba."

Na ce Babanki ya sani? Ta sunkuyar da kai. Na ce tashi min daga kujera.

Asabar, 18 ga Mayu

Malam bai ko musa ba. Ya ce, "Kin san halinki tun tafiyar Yayanki."

E, na san halina. Da Yaya zai tafi ƙasar waje, ya ce shekara biyu zai yi ya dawo. Innarmu ta rasu tana juyawa duk lokacin da aka taɓa ƙofa. Shi ma can ya cika, ko kabarinsa ba wanda ya gani a cikinmu. Nas kaɗai Allah ya bar mana, yanzu a ce in ɗauka in miƙa?

Ya ce yanzu ba da ba ce, ga waya ga komai. Na ce waya ba ta riƙe hannun mutum in yana jinya. Ya ce, "Ita ma ba don ta riƙe hannunmu muka haife ta ba." Na tashi na bar masa wurin. Shayinsa ma yau shi ya haɗa abinsa.

Talata, 21 ga Mayu

Na kunna kwamfuta, Jamusancin ya tafi. Hausa da Turanci kawai a lungun. An goge ɗigon fensir ɗin tas.

Da yamma ta shigo ta durƙusa. "Umma, na bari. Ki yafe min ɓoyewar." Na ce Allah ya yi miki albarka. Abin da nake so ke nan ai.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ban yarda ba. Ƙila a waya take ci gaba. Na wuce ta ƙofarta sau da yawa da sunan neman tsintsiya. Kwance take, fuska a bango, wayar na caji a falo.

Litinin, 27 ga Mayu

Da gaske ta bari. Tana zuwa aiki, tana dawowa, tana wanke-wanke, tana amsa "to Umma" ga duk abin da na ce. Da can takan dawo da labarin marasa lafiya har sai na ce ta bari muna cin abinci. Yau na tambaye ta yaya asibiti, ta ce lafiya. Ƙafafunta a kumbure, ita kaɗai a ɗakin marasa lafiya mai gado fiye da ashirin tun safe.

Malam ya ce jarrabawar tasu watan gobe ce. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa wa bango.

Ko wannan shirun ma dabara ce suka ƙulla? Na kalle ta tana ninke kaya. Ban ga dabara ba. Na ga dai tana ninke zani ɗaya tana warwarewa.

Asabar, 1 ga Yuni

Na biya wurin mai gyara, dama hanyata ce. Na ce ya mayar da abin nan da aka cire. Ya ce wanne? Na ce ka sani. Ya ce, "Malama, ko ke ce za ki koya?" Na ce yi aikinka.

Ya kawo wasu 'yan takardu masu manne, na haruffansu, ya ce sun fi fensir. Na sa ya liƙa a gefen maɓallan, yadda ba za su rufe min nawa ba.

Ban ce ta tafi ba. Jarrabawa ce kawai, ana ci ana faɗuwa. Kuma ba kyau mutum ya fara abu ya yar a hanya, haka nake faɗa wa ɗalibaina.

Na ajiye kwamfutar a kan gadonta na fito. Bayan la'asar na ji muryar dattijuwar nan ta bango, sai ta Nas a bayanta, a shaƙe da farko, daga baya ta washe.

Ina falo ina duba takardun 'yan aji uku. Na kashe rediyo, kaina ke ɗan ciwo.