Shekarar da Ɗana Ya Ce In Tsallake

Malama Sherifa, sallama. Ki taimake ni da shawara, 'yata, don sati biyu ke nan ɗana bai zauna a tabarmata ba. Ni ban yi boko ba, ƙanwarsa Fusena ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara min magana.

A Zangon Kumasi, in ana suna ko ɗaurin aure, ni ake kira in faɗi asalin gida: wa ya zo daga Tawa da shanu, wa ya auri wa. Ba takarda, duk a kaina yake. Haka na riƙe tarihin ƙwallon ɗana, mu kira shi Alidu. Shekara goma sha bakwai yana tsaron baya. Ya fara nan Kumasi, shekarar da aka sake rufin masallacin unguwarmu. Daga nan Tunisiya, sai Masar, sai Siwidin inda ya ce ruwan alwala cizon hannu yake yi, sai Turkiyya kulob biyu, ya ƙare a Saudiyya, har ya kai mahaifiyarsa Makka kafin ta rasu. Ya sa rigar ƙasa sau goma sha huɗu. Ƙwallo uku kacal ya taɓa ci. Abokan hirata suna tsokanata da wannan, ni kuwa in ce su je su ƙirga waɗanda ya hana shiga.

To, yanzu ya ajiye takalmi. Zai yi walima a gidansa na Asokore Mampong bayan Sallah, ya ce ni zan tashi in ba da tarihinsa. Na ji daɗi ƙwarai. Sai ya ce amma in tsallake shekara ɗaya.

Tsakanin Siwidin da Turkiyya gwiwarsa ta lalace, kulob ya sallame shi, ba wanda ya neme shi. Bai dawo gida ba. Wata goma sha ɗaya yana wanke motoci cikin sanyin nan, kullum bayan Asuba ya fita gudu a kan ƙafar kafin ya tafi aiki. Mutanen gida sun ɗauka jinya yake. Ni kaɗai ya gaya wa. Matarsa da surukansa ba su sani ba, Fusena ma yanzu ta ji, ga ta nan tana share ido.

Na ce masa shekara arba'in ban taɓa tsallake wa kowa komai ba, har wanda kakansa ɗan dako ne a kasuwa. In na yi wa nawa, da wane ido zan kalli jama'a? Kuma wallahi duk cikin shekarunsa babu wadda nake so kamar wannan. Na ce in dai tsallakewa ne, ya nemi wani. Ya tashi ya bar kokonsa bai shanye ba. Maganina yana aikowa, amma shi ba ya zuwa. Fusena ta ce taurin kai ne da ni. Ni na san ina da gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta zo ta gaishe ni da safe.

Tsohon Zango

Baba, wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya.

Ina ganin hujjarka. Mai riƙe wa unguwa asalinta, amanarsa ita ce kada ya rage kada ya ƙara. Amma duba bambancin: kakannin da kake faɗa sun riga mu gidan gaskiya, Alidu kuwa yana zaune a gaban surukansa da 'ya'yansa. Wannan shekara ba tarihin Zango ba ce tukuna, sirri ne da ɗa ya ba ubansa lokacin da ba shi da kowa. Riƙe shi ma amana ce. Ka riga ka gaya wa Fusena da ni, ya isa haka.

Na kuma lura da abu ɗaya. Ka gaya masa ba ka tsallake wa kowa. Ka taɓa gaya masa cewa ita ce shekarar da ta fi sa ka alfahari da shi? Ina zaton a'a. Shi yana ganin kunya za ka ba shi a bainar jama'a.

Kada ka jira ya zo. Ka shiga mota ka je gidansa, ku keɓe, ka faɗa masa wannan da bakinka. Sannan ka bar masa zaɓi. In ya yarda, ya fara sanar da matarsa da kansa. In ya ƙi, ka tashi ranar walima ka faɗi sauran shekarun da murya mai ƙarfi, ba habaici, ba tari a wurin da ka tsallake. Wata rana shi zai ba 'ya'yansa labarin, kuma ya fi daɗi daga bakinsa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a yi walima lafiya kana tsaye kusa da ɗanka.