Dokar Cike Kududdufin Dukawuya

Dukawuya, Birnin Kano
Mayu, 1957

Takarda ta fito daga hannun Nata'ala mai turare, zuwa ga taubashina Ashafa, akawu a ofishin Majalisar Dokoki ta Kaduna. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali. Mu nan lafiya, sai zafi, sai kasuwa da take rarrafe.

Bayan haka, ka fara shirin tuɓe takalmi in ka zo gida, domin na zama minista tun kai ba ka zama komai ba.

Ga yadda aka yi. Ka san ajin manya da Malam Jibrin yake yi mana bayan la'asar a zauren Goni Ali. Ni ba karatu ya kai ni ba, elementaren da na yi ta ishe ni rubuta maka wannan. Rabin masu sayen turarena a can suke zama. To, Malam ya gaji da faɗa mana da baki yadda ake yin doka a wurinku muna gyangyaɗi, sai ya ce mu yi ta da jikinmu. Ya shimfiɗa tabarmi biyu, gwamnati a dama, 'yan hamayya a hagu. Ba wanda ya yarda ya hau ta hagu sai da aka yi musu alkawari maganar ba za ta fita zaure ba. Goni, da yake shi ne babba kuma zaurensa ne, aka ba shi Shugaban Majalisa, aka naɗe taɓarya da tsohon rawani aka ajiye gabansa a matsayin sandan majalisa. Ni aka ba ni Ministan Ayyuka, wai don bakina ba ya mutuwa.

Malam ya ce in kawo shirin doka a kan abin da kowa ya sani. Na leƙa ƙofa, na hango kududdufin nan da yake cin bayan gidan Inna Kaltume kowace damina, na ce a cike shi. Karatu na ɗaya, sunan doka kawai ake faɗa. Na biyu shi ne na musu, nan na ji daɗin duniya. Ilu mahauci, jagoran hamayya, ya tashi ya ce in an cike, ina talaka zai samu ƙasar yaɓe? Na ce mai girma wakili ya faɗi gaskiya, wurin wanke hanjinsa yake ji. Zaure ya ɗauki dariya har Goni ya buga taɓarya. Aka shiga kwamiti, aka yi karatu na uku, aka ɗaga hannu, muka ci.

Ka san Goni bai taɓa tashi daga taro ba tare da addu'a ba. Sai ya ce Fatiha, Allah ya sa a cike lafiya. Muka shafa. Inna Kaltume tana bakin zaure, ta kawo mini turaren wutar da take haɗa mini nake kaiwa kasuwar Kurmi, ita ma ta shafa, amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi. Da na fito ta ce Allah ya yi wa Minista albarka. Na karɓa, ai albarka ba a mayar da ita.

Ka rubuto mini yadda ministocinku suke zille wa tambaya, Ilu yana haƙona. Ka gai da Lauratu. Haza wasalam.

Naka, mai girma,
Nata'ala

*

Kaduna
Yuni, 1957

Zuwa ga ɗan'uwana Nata'ala. Bayan gaisuwa irin ta zumunci da fatan alheri, takardarka ta iso, na karanta wa uwargida Lauratu, ta yi dariya har ta ƙware.

Malaminku ya yi dabara, abin da kuka yi ya yi kusa da yadda ake yi a nan. Sai dai ka gaya masa bayan karatu na uku akwai sauran tafiya. Sai shirin ya wuce Majalisar Sarakuna, sannan Gwamna ya sa hannu, kafin a kira shi doka. Zille wa tambaya kuwa ba wuya: ka miƙe ka ce kana bukatar a ba ka sanarwa tukuna, ka zauna. Ban zaci kai za a koya wa wannan ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Zuwana na ƙarshe na ga katangar bayan ɗakin Inna ta karkata, kuma na ji an shirya bana za ta koma Zaitawa wurin 'yarta Hajo kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ka tabbata ta gane abin da kuka yi darasi ne. Ka yi mata bayani da kanka.

Ina gai da Goni da dukan jama'a.

Naka,
Ashafa

*

Dukawuya
Yuli, 1957

Ashafa, gaisuwa a taƙaice, don abin da ka hango ya iso kafin takardarka.

Hajo ta zo da mai kura za a kwashe kayan uwarta. Inna ta ce ba inda za ta, majalisa ta zartar a cike kududdufi, wa zai bar gidansa ana gab da gyara shi? Hajo ta same ni a rumfa gaban masu ciniki, ba na so in rubuta abin da ta ce.

Na je da yamma na durƙusa, na yi wa Inna bayani tiryan-tiryan, irin wanda nake wa baƙauye in zan raba shi da turare mai tsada. Na ce wasa ne, na koyo, taɓarya ce sandan, ni kuma Nata'ala ne da ta sani tun ina yawo ba wando. Ta bari na gama, tana ta murza hawin haɗa turare a tafin hannu. Sannan ta ce:

"Wasa da Fatiha, ɗan nan? Da ita aka ɗaura mini aure a Kukawa. Da ita aka sayar wa marigayi mijina gidan nan, ba takarda, har yau ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Maza masu gemu suka ɗaga hannu, mai Alƙur'ani a ka ya ja, na ce amin. Yanzu ka ce mini wasa?"

Na je na ɗauko Goni, tun da ƙanin mijinta ne. Ya fara lallashi cikin Barbarci, ta tsayar da shi. Ta tambaye shi ya karanta ko bai karanta ba. Ya ce ya karanta. Ta ce da niyya ko ba niyya? Ashafa, ka ga tarko? In ya ce ba niyya, ya yi wasa da Fatiha a gaban almuridansa. In ya ce da niyya, maganarta ta tabbata. Ya naɗe carbinsa, ya miƙe ya nemi takalmansa.

Sai wayona ya ba ni wata shawara. Na ce tun da ba za ta tashi ba, bari in tare mata ruwan. Na sa Mamman mai jakai ya yi ta jido ƙasa yana zubawa a gindin katanga. Kududdufin ya haɗiye ta kamar an jefa masa goro. Abin da ya fi muni, Inna ta ga jakai ta rangaɗa guɗa, ta dama wa masu jakai kunu, ta aika wa Hajo cewa gwamnati ta fara aiki. Da hannuna na ƙara ɗaure abin da na zo kwancewa.

Na gaya wa mai unguwa, ya saurara da kyau, ya ce zai kai gaba. Amma ruwa ba ya jiran gaba.

To, ga roƙona. Kai kake buga takardun majalisar gaske. Ka soka mana wannan a ciki, layi ɗaya kawai, kududdufin Dukawuya. A kasuwa in mutum yana da ɗan'uwa a bakin ma'auni, ba ya kwana da kayansa. Ka taimaki taubashinka.

Nata'ala

*

Kaduna
Yuli, 1957

Zuwa ga Nata'ala. Bayan gaisuwa, na karanta takardarka, raina bai yi daɗi ba.

Abin da ka roƙa ba ya yiwuwa, kuma ba rowa ba ce. Ni abin da aka miƙo mini nake bugawa. Ranar zama ma a bayan ƙyaure nake tsayawa da takardu, ba ni da bakin cewa ko tari. Magana ba ta shiga sai ta hannun wakili, shi ma sai ya ba da sanarwa, a sa ta a layi. Na sami wani wakili mai kirki a masaukinsa na gaya masa. Ya tausaya, amma ya ce kududdufin unguwa aikin hukumar gari ne, ba na Jiha ba. Iyakarsa ya yi tambaya, a amsa masa cewa an miƙa wa masu abin. Ko wannan ɗin ma, sai majalisa ta dawo zama bayan damina.

Wata dabara ta zo mini, ko da yake ban saba irinta ba. Tun da majalisarku kaɗai Inna ta yarda da ita, ku sake zama, ku yi dokar cewa duk mai gida a bakin kududdufi ya tashi har a gama aiki. Goni ya shafa Fatiha a kai tana ji. Ƙarya ce, na sani, amma za ta fitar da ita daga ƙarƙashin katangar.

Ka sanar da ni da wuri. Allah ya tsare.

Naka,
Ashafa

*

Dukawuya
Agusta, 1957

Ashafa, ina gaisuwa. Ashe zama da mu bai tashi a banza ba, ka iya ƙulla abu. Na yi murna da dabararka har na ji haushin ba ni na fara tunaninta ba.

Na bi 'yan aji ɗaya-ɗaya, har Ilu ya yarda zai goyi bayan gwamnati. Aka shimfiɗa tabarmi, na aika aka kira Inna da sunan ina son turare. Muka yi karatu uku a guje, ba musu, hannu duka sama. Aka juya ga Goni. Bai ɗaga hannu ya ja Fatiha ba, ya bar su a kan gwiwa. Na matsa na raɗa masa cewa rai ne fa. Ya ce, a hankali yadda ita ba za ta ji ba:

"Ta farko sabo ne ya ja ni, Allah ya gani. Wannan in na yi, da sani na yi. Ka nemi wani abin a wurina, Nata'ala, ko ɗakina ne ta zo ta zauna."

Aka nemi wani ya ja, kowa ya sunkuyar da kai; wa zai ja Fatiha Goni yana zaune ya ƙi? Inna ta jira, ta ga ba a shafa ba, ta ce ashe wannan ba ta zartu ba, ta ɗauki kwanonta ta tafi. Ka ga ta fi mu gane darasin.

Malam Jibrin ya naɗe tabarmin, ya ce majalisa ta tashi ke nan, mun koma lissafi. Mijin Hajo ya zo da niyyar a ɗauke ta ko tana so ko ba ta so. Ta zauna a ƙasa a ƙofar ɗaki, ta ce wanda ya isa ya taɓa ta. Mu maza muna tsaye cirko-cirko, ba mai iya kai hannu jikin sa'ar uwarsa.

Tsagar bangon yanzu hannuna yana shiga har wuyan hannu. Kullum in hadari ya haɗu sai in rufe rumfa in taho in tsaya a zaurenta, ban san me nake tsaron ba. Ita kuwa sai ta sa a kawo mini tabarma, wai Minista ya zo duba aiki.

Ka sa mu a addu'a.

Nata'ala

*

Zaitawa
Agusta, 1957

Ashafa, gaisuwa.

Bangon ya tafi ranar Juma'a da hantsi, da ɗakin, da tukwanen turarenta. Tana bakin ƙofa, azara ta same ta a ƙafa. Da ranta. Mai ɗori ya ɗaure, tana nan gidan Hajo, daga nan nake rubuto maka. Hajo ba ta amsa gaisuwata, amma ba ta hana ni shiga ba.

Inna ta ce kada in damu, ruwa ne ya riga ma'aikata. Ta tambaye ni yaushe za a ci gaba, don tana so ta yi azumi a ɗakinta. Na gyara zaman hula. Na ce majalisa ba ta zama sai bayan damina.

Ta ce ba komai, za ta jira.

Ka gai da Lauratu. Ba sai ka amsa wannan ba.

Nata'ala